Makon da Ba a Mutu Ba a Garinmu

Inna ta zo Abuja ne don a duba mata hawan jini, ba don ta zauna ba. Wannan ta gaya min tun ba ta sauke ƙafa daga mota ba, ta maimaita wa matata a bakin ƙofa, ta gaya wa likita ma, shi da bai tambaye ta ba. Likitan ya auna ta, ya sake aunawa, ya cire tabarau ya dube ni kamar ni na ɗora mata ciwon. Ya ce tana bukatar a riƙa ganinta a kai a kai, ta sha magani a kan lokaci, ta rage gishiri, ta daina yawo a rana. A garinmu kuwa ita kaɗai ce a tsohon gidanmu tun rasuwar Baba, ƙanwata tana aure can ƙarshen gari. Kuma na san Inna. Magani sai ta tuna, miya sai gishiri ya ji, yawo a rana kuwa shi ne aikinta. Na ƙudurta a raina ba za ta koma ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji, tsoron ranar da za a kira ni a ce an same ta a faɗe a tsakar gida.

Yawon nata ba na banza ba ne, gaisuwar mutuwa ce. A garinmu akwai wani ƙaramin gidan rediyo da muryarsa ba ta wuce ƙauyukan da ke kewaye da mu, kuma kowace safiya bayan labarai ana karanta sanarwar rasuwa. Iyalan wane na unguwa kaza suna sanar da rasuwar mahaifinsu, za a yi jana'iza a ƙofar gidansa, Allah ya jiƙansa. Inna tana da aminiya a bayan gidanmu, tsohuwa kamarta, wadda kunnenta ya yi nauyi tun da daɗewa. Inna ce ke ji musu su biyu. Da an gama sanarwa sai ta yafa mayafi, ta leƙa ta kan katanga ta kwala mata kira, su kama hanya. Ko sun san mamacin ko ba su san shi ba, za su samo inda aka haɗa dangi, in ba a haɗa ba kuma ai Musulmi ne. Tun ban yi gemu ba suke wannan tafiya, kuma ba a taɓa naɗe tabarmar makoki a garin nan ba su zauna a kanta ba.

Ta zo da 'yar rediyonta mai batir, a naɗe cikin zani. Safiyar farko a gidana da ke unguwar Gudu ta ja eriya har ƙarshe, ta murɗa dama, ta murɗa hagu. Ta samu waƙa, ta samu Turanci, ta samu wani mai kira daga Orozo yana gaida ogansa na Apo da duk yaran shago. Ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni su waye waɗannan. Na ce mutanen Abuja ne. Ta ce to su ba sa mutuwa ne? Na yi mata bayani cewa a Abuja ba a mutuwa a rediyo, a jarida ake mutuwa, da hoto mai kala, shi ma sai manya. Kafin mako ya zagayo na dawo daga aiki na tarar ta ɗaure kayanta ta jingine su a bakin ƙofar ɗaki.

"Ni ba zan zauna inda ban san wanda ya rage ba," in ji ta. "Ka nema min mota."

Na ce haba Inna, ga waya, ba sai a riƙa gaya miki ba? Ta yi min kallon da take yi min tun ina firamare. Ta ce wanda ake gaya wa ai baƙo ne.

Lokacin nan Abuja tana tashe. Farar hula sun zauna daram, kuɗin mai na shigowa, duk inda ka waiga gini ne ke tashi, kowa na yawo da waya biyu kamar mai tsoron ɗaya za ta gudu. A ma'aikatarmu muna da wani darakta da ba ya zuwa taro ƙasar waje ya dawo hannu rabbana, kullum da sabuwar makomar da ya gano. Ya gano makomar takarda, ya gano makomar ofis. A wannan karon makomar rediyo ya dawo da ita. Ya ce eriya ta gama yayi, nan gaba kaɗan kowace tasha a duniya, har ta ƙauyen da ba a san sunansa ba, za ta koma intanet, ka zauna a falonka ka kama ta tas. A al'ada idan yana irin wannan jawabi nakan ce haka ne ranka ya daɗe, zuciyata tana can wajen abincin rana. Ranar dai na saurara.

Wani Bakano mai shagon kayan wuta a kasuwar Gudu ne ya samo min akwatin. Ƙaramin abu ne baƙi, da ɗan gilashi a gaba da maɓalli guda na murɗawa, ba eriya ko ta rantsuwa. "Alhaji, duk duniya na cikin nan," ya ce min, yana shafa shi kamar ragon layya. Bai yi ƙarya ba. Na haɗa shi da intanet ɗin gida na shiga murɗawa, na ratsa ƙasashen da ban san da su ba, na wuce masu wa'azi da masu kiɗa da wata tasha da ba ta watsa komai sai ƙarar ruwan sama. Raina ya fara ɓaci, har na fara shirya kalaman da zan gaya wa Bakanon, sai ga sunan tashar garinmu ya fito a gilashin. Wallahi sai da na sake karantawa. Tashar da in ka wuce gadar bakin gari take fara shaƙewa, ga ta a tsakiyar duniya tana zaune abinta.

Washegari na ajiye akwatin a gaban Inna na kunna. Muryar mai sanarwar garinmu ta fito fes, fiye da yadda take fita a garin ma. Inna ta leƙa bayan akwatin, ta ɗaga shi ta duba ƙasansa. Kafin ta yi tambaya aka fara sanarwa, wani tsohon mahauci ne na bakin kasuwa ya rasu. Ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah sarki, mutumin kirki, ba ya tauye awo. Sannan ta ce in nemo mata lambar gidansu. Ta tashi ta yafa mayafi, ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar falo, ta zauna ta karɓi wayar, ta yi musu ya haƙuri ɗaya bayan ɗaya har jikoki. Matata ta ce Inna ai ba sa ganinki, da kin bar mayafin. Ta ce ita ai tana ganin kanta. Da yamma na lura an kwance kayan nan na bakin ƙofa.

Haka muka samu zaman lafiya. Kowace safiya daidai lokacin sanarwa take kunna akwatin, ba ta damu da abin da ya zo kafinsa ba. Idan an yi rasuwa ta kira gidan, sannan ta kira ƙanwata ta ce ta je ta gaya wa aminiyarta, don ita tsohuwar ba ta jin waya, in an kara mata a kunne sai ta yi ta cewa na'am har kati ya ƙare. Aminiyar sai ta ɗauki sanda ta tafi gidan makokin, ta yi gaisuwarta ta yi ta Inna. Kunne na Abuja, ƙafa na gida, aiki yana tafiya. Jinin Inna ya sauka, likita ya daina cire min tabarau.

Ba wai akwatin ba shi da hali ba. Wani lokaci yakan tsaya cak a tsakiyar magana yana neman intanet. Mai sanarwa ya ce ana sanar da rasuwar Alhaji, sai shiru, sai wani ɗan zobe yana juyawa a gilashi. Garinmu kuwa rabin mazansa Alhazai ne. Inna ta dafe ƙirji ta yi ta lissafo waɗanda ta bari ba lafiya, har ta kashe mutum uku kafin murya ta dawo ta faɗi na huɗu. Amma ta saba. Har ta fara jin daɗin wani abu da ban yi tsammani ba, wato riga mutanen gari ji. Su suna can suna fama da batir da hidimar safe, ita tana zaune ba abin da take sai saurare. Duk wanda ya kira don ya gaya mata rasuwa sai ya tarar ta riga ta yi gaisuwa. Na ji ta da kunnena tana yi wa ƙanwata faɗa: "Kina gari ɗaya da mamaci, sai ni daga Abuja zan gaya miki?" A hankali mutane suka daina kira. Wa zai ɓata katinsa ya sha faɗa a kai?

Ni kuwa baki har kunne. Na gaya wa darakta cewa makomar da ya gano tana falona tana aiki. Ya ce ai ya faɗa, ya kuma ambace ni a taro.

Wata safiya ina ɗaura agogo zan fita na ji mai sanarwa ya yi ɗan tari, ya ce a gafarce shi, sannan ya ce alhamdu lillahi, yau ba a kawo sanarwar rasuwa ba, Allah ya ƙara mana lafiya. Hakan na faruwa jefi-jefi. Inna ta ce amin, ta kashe akwatin, ta ninke mayafinta. Washegari ma haka. Ta ce madalla, gari ya yi sanyi. Ranar da ta biyo ma ba a mutu ba. Inna ta ce ikon Allah, sannan ta ƙara da cewa mutumin nan tarinsa ya ƙi warkewa, da zai samu citta da zuma da ya huta. Tunda ba rasuwa, ba ta kira kowa ba, kowa kuma bai kira ta ba.

Kada a ce ban lura ba. Nakan ji ƙarshen labarai idan ta kunna da wuri, amma labaran jiharmu tun ina yaro iri ɗaya ne. Gwamna ya ƙaddamar, gwamna ya yi kira, gwamna ya nuna damuwa. Ba mahalukin da zai bambance na jiya da na yau, ina jin har shi gwamnan. Ni dai na ga uwata tana hutawa, na ce Allah ya sa mutanen garinmu su ɗore da wannan hali.

Da abin ya kai kusan mako, Inna ta daina cewa madalla. Ran nan ta matso da akwatin kusa da kunnenta, ta saurara har ƙarshe, ta kashe.

"Kai," ta ce min, don ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari. "Mutumin nan a wuri ɗaya yake tarin."

Na ce wane irin wuri ɗaya kuma, Inna?

"Kullum bayan ya ce jama'a. Tari ba ya haka. Kuma garinmu ba ya mako bai binne kowa ba, ko da damina ce. Kira min ƙanwarka."

Na fita baranda na kira. Ƙanwata ko sallamata ba ta amsa da kyau ba. Ta ce au Yaya, sai yau? Ta ce wallahi ba ta taɓa jin kunya irin ta wannan makon ba, kowa sai tambayarta yake ina Inna. Na ce me ya faru? Ta ce kada in ce mata ba mu ji ba, ai an sanar a rediyo har sau biyu. Aminiyar Inna ce ta rasu. Ta kwanta da zazzaɓi, kwana kaɗan ta cika, an yi sadakar uku an watse. Na ce don Allah me ya hana ki kira? Ta ce ranar farko ta ɗauka muna hanya, har an ajiye wa Inna wuri a kan tabarma. Bayan nan ta ɗauka jikin Inna ne ya tashi da jin labarin, ni kuma nake ɓoye musu, ita kuma ta kasa ɗaga waya ta tambaya. Ta ce kuma Yaya, tsakani da Allah, yaushe rabon da wani ya gaya wa Inna mutuwa?

Na koma falo. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata, don ba yadda za a yi da irin wannan magana sai a faɗe ta. Ta yi salati. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta tambayi ranar, na gaya mata. Sannan ta ce, "Wa ya yi mata wanka?" Na ce ban tambaya ba. Ta ce akwai alkawari a tsakaninsu tun suna amare, duk wadda ta riga tafiya ɗayar ce za ta yi mata. Ban taɓa sanin wannan ba sai ranar. Tausayinta ya kama ni har na kasa dubanta.

Da tausayin ya lafa sai fushi ya taso, ni kuma in fushi ya taso sai na samu wanda zan sauke wa. Na bi ta hannun mutane har na samu lambar injiniyan gidan rediyon. Na buɗe masa wuta tun kafin ya gama amsa sallama. Dattijo ne, ya bar ni na gaji don kaina. Sannan ya ce ranka ya daɗe, ai wannan intanet ɗin ba aikin tasha ba ne, shi ne ya ga ana yi, ya jona wata tsohuwar kwamfuta a ofishinsa da wayar da ta taso daga ɗakin watsa shiri. An tura shi kwas, a bayansa aka zo fentin ofis aka zare wayar. Ita kuma kwamfutar haka aka yi ta, in ta daina samun sabo sai ta yi ta maimaita yinin ƙarshe da ta kama, kowane shiri a kan lokacinsa. Na ce to duk tashar ba wanda ya lura? Ya ce wa zai lura, su ai da eriya suke ji.

Na tambaye shi mu nawa ne ma muke saurare ta nan. Ya ce ba mu da yawa. Akwai mu, akwai wasu da ke leƙowa su fita, akwai wani a ƙasar waje da bai taɓa kashewa ba, yana zargin ya manta da shi a kunne ne. Na ce to nan gaba fa? Ya ce nan gaba ritaya zai yi, kwamfutar kuma tasa ce. Ya yi min ta'aziyya, ya ce zai mayar da wayar yanzun nan. Na kashe wayata ban samu inda zan ajiye fushin ba. Makomar rediyo da darakta ya ɗauko daga ƙasar waje, ashe a garinmu waya ɗaya ce a bayan kabad.

Na kai mota wajen makanikai a Apo aka duba ta, washegari muka kama hanya. Inna 'yar jaka ɗaya ta ɗauka, ta bar sauran kayanta da rabin maganinta, ni kuma na riƙe wannan a raina a matsayin alama mai kyau. A hanya ba ta yi hira ba, carbi kawai take ja. Da muka shiga gari ta ce kada in tsaya a gida, in zagaya baya.

Gidan aminiyar shiru. An naɗe tabarmi an jingine su a zaure, an mayar wa maƙwabta kujerunsu. Babbar 'yar marigayiyar ta fito ta tare mu, ta rungume Inna suka yi kuka. Ina tsaye daga bakin ƙofa na yi tawa gaisuwar. Inna ta fara cewa ba ta ji ba ne, sai 'yar ta tare ta da ladabi, ta ce, "Haba Inna, ba komai wallahi. Ai mun san nisa ne. Abuja ba nan kusa ba." Da zuciya ɗaya ta faɗa, na tabbata. Na ga fuskar Inna lokacin da maganar ta sauka.

Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta shiga mota ta zauna, ta gyara mayafi, tana kallon gaba.

"Ka ji abin da ta ce? Uzuri ta yi min. Yarinyar da ni na yanke mata cibi, yau ita ke yi min uzuri a gidan nan kamar baƙuwa."

Na ce Inna ba haka take nufi ba. Ta ce ta san abin da take nufi, shi ya sa. Ta ce in sauke ta a gida, kayanta da maganinta in bai wa direban tashar mota ya kawo. Na kawo maganar likita, na kawo maganar gishiri, na ce wa zai riƙa tuna miki magani. Na roƙe ta, ban ji kunyar roƙon ba. Da na ga duk ba su ci ba sai na jawo ta ƙarshe, na ce ai na yi magana da injiniyan, ya mayar da wayar, yanzu akwatin yana faɗin gaskiya.

"To madalla, Allah ya yi masa albarka," in ji ta. "Sai ka riƙa saurare. In ka ji sunana ka taho."

Da muka tsaya a bakin gidanmu ta buɗe ƙofa ta sauka, ta karɓi jakarta daga hannuna. Na kwana, da safe na juyo Abuja ni kaɗai, raina a jagule.

Akwatin yana nan a falo, injiniyan bai yi ritaya ba tukuna. Kowace safiya kafin in fita aiki nakan kunna shi in tsaya da takalmi a hannu har a gama karanta sunaye. Ran da mai sanarwa ya ce ba a kawo rasuwa ba, ba na yarda, sai na kira ƙanwata.